Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Iyali Za Su Tallafa wa Karatun Yaro a Azuzuwan Farko na Firamare

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye suka fi yawan yi game da 'ya'yansu da ke aji ɗaya zuwa aji uku, wato masu shekara biyar ko shida zuwa takwas. Duk inda aka ce yaro ana nufin mace da namiji, duk inda aka ce iyaye kuma ana nufin duk wanda yaron ke hannunsa, ko kaka ce, ko yaya, ko kawu.

Tunda koyarwa aikin malami ce, mene ne ya rage wa iyaye?

Abin da ya rage musu yana da yawa, sai dai ya sha bamban da na malami. Malami yana da manhajar da yake bi da kuma ɗalibai da dama a gabansa, saboda haka ba ya samun zarafin zama da ɗanku shi kaɗai ya saurari karatunsa sai jefi-jefi. Ku kuwa kuna da wannan zarafin kullum. A gida ne ake tabbatar da cewa yaro ya yi isasshen barci, ya je makaranta a kan lokaci, ana yi masa magana mai ma'ana ana kuma sauraron tasa, kuma akwai mai lura da wuri idan wani abu ya fara shige masa duhu.

Iyaye masu himma su ne suka fi faɗawa cikin kuskuren mayar da gida makaranta ta biyu, inda yaro zai dawo a gajiye a sake zaunar da shi awa biyu ana darasi. Minti goma sha biyar na karatu tare a kowace rana, cikin sakin fuska, ya fi dogon zama sau ɗaya a mako wanda ke ƙarewa da kuka.

Me ya sa ake ba waɗannan shekaru uku muhimmanci haka?

A azuzuwan farko karatun kansa ake koya. Daga aji huɗu kuwa littafi ya zama hanyar da ake bi a koyi kimiyya da tarihi, har ma da lissafi, domin tambayoyinsa a rubuce suke zuwa. Wanda ya iso nan bai iya karatu ba, kowane darasi zai yi masa wuya lokaci guda. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam Keith Stanovich ya bayyana yadda tazarar ke faɗaɗa: yaron da karatu ya yi wa sauƙi yana yawan karantawa, yana ƙara sanin kalmomi, karatun ya ƙara yi masa sauƙi, wanda ya sha wuya kuma yana guje wa littafi, ya ƙara zama a baya.

Matsalar ba ta gidaje ƙalilan ba ce. A 2019 Bankin Duniya da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa, kuma a 2022, bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ƙiyasin ya kai kashi 70. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta, abin da ke nuna cewa sa yaro a makaranta kaɗai ba ya tabbatar da cewa yana koyo.

Ni ban yi karatu ba. Akwai abin da zan iya yi wa ɗana?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Kamar yadda za a gani a amsar da ke biye, rabin karatu fahimtar harshe ne, wannan kuwa da baki ake gina shi. Ku ba shi labari, ku yi masa tatsuniya, ku tsaya a tsakiya ku tambaye shi abin da yake zaton zai faru, washegari ku sa shi ya maimaita wa ƙanensa. Ku riƙa bayyana masa dalilin abin da kuke yi, ku kuma amsa tambayoyinsa na "don me" gwargwadon iko, domin a irin wannan hirar yake samun kalmomin da zai tarar a littafi.

Sannan ku sa shi ya karanta muku. Ba sai kun iya duba shafin ba kafin ku ji ko abin da ya faɗa yana da ma'ana, kuma idan kuka ce, "Ban gane wurin nan ba, sake karanta mini," kun yi aikin da ake buƙata. Ku riƙa buɗe littafin rubutunsa kowace yamma ku ce ya nuna muku aikin yau. Shafin da ya kwana uku babu sabon rubutu, ko wanda malami bai taɓa sa biro a kai ba, kowa zai iya ganinsa. Abin da ya shafi haruffa kuwa ana iya ɗora wa yayansa ko wani ɗan'uwa, da sharaɗin ku kasance kusa don kada koyarwar ta koma tsawa.

Ta yaya yaro ke koyon karatu, kuma yaya zan gane cewa ya iya da gaske?

Masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun taƙaita lamarin a 1986 da cewa fahimtar abin da aka karanta tana tsayawa ne a kan abu biyu: iya mayar da haruffa su zama kalma, da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Idan aka rasa ɗaya, ɗayan ba ya wadatarwa. A 2000 wani kwamiti da aka kafa a Amurka don nazarin binciken da aka yi a kan koyar da karatu ya ware abubuwa biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, sanin harafin da ke wakiltar kowane sauti, karatu babu gargada, yawan kalmomi, da fahimta.

Na farkon shi ne wanda iyaye suka fi mantawa da shi, alhali ba ya buƙatar ko takarda. Ku tambayi yaro wane sauti ne ya fara kalmar "kujera", ko ku ce ya kawo kalmomi uku masu farawa kamar "baba", ko ya tafa hannu sau ɗaya a kan kowace gaɓa ta sunansa. Haddace jerin haruffa a waƙe abu ne mai kyau, amma yaro yana iya rera su daga farko har ƙarshe bai san cewa "m" da "a" suna ba da "ma" ba.

Akwai kuma yaran da ke da kaifin hadda har su ruɗi iyayensu. Yaro zai buɗe littafin ajinsu ya zuba shafi guda tiryan-tiryan, idonsa a kan hoto ko ma a kan fuskarku. Ku rufe hoton da tafin hannu, ku ɗora yatsa a kan wata kalma daga ƙarshen shafin, ko ku rubuta ta a wata takarda daban, ku ce ya karanta. Saboda irin wannan ne gwajin da ake yi wa yaran aji ɗaya a Ingila tun 2012 ya ƙunshi kalmomi 40 waɗanda rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, domin kalmar da yaro bai taɓa gani ba dole ya karanta ta harafi bayan harafi.

Idan ya maƙale a kan kalma, in faɗa masa ko in bar shi?

Ku dakata tukuna na ɗan lokaci, kamar ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci, domin sau da yawa yaron yana aiki ne a cikin shirun nan. Idan bai samu ba, ku rage masa kalmar. A ce ya tsaya a kan "takalmi": ku rufe ƙarshenta da yatsa ya rage "ta", ya karanta, ku buɗe "kal", sannan "mi", ku ce ya haɗa su, sa'annan ya koma farkon jimlar ya sake karantawa don ma'anar ta dawo masa. Idan ya gwada sau biyu bai samu ba, ku faɗa masa a wuce. Abin da ya kamata a hana shi ne hasashen kalmar daga hoto ko daga harafin farko, domin wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

Idan yana kuskure a fiye da kalma ɗaya cikin goma, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Wannan ku za ku karanta masa, shi kuma a samo masa mai sauƙi.

Ya fara karatu da kansa. In daina karanta masa?

Kada ku daina. A wannan shekarun abin da yaro ke iya fahimta da kunne ya zarce abin da yake iya karantawa da ido nesa ba kusa ba, don haka littattafan da yake iya karantawa da kansa ba su da kalmomi da dogayen jimlolin da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Ku ci gaba da karanta masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuna tsayawa kuna tambaya: me ya sa wance ta yi fushi, da kai ne me za ka yi? Idan ya nemi a maimaita labari ɗaya sau goma a maimaita masa, ko da ku kun gaji da shi.

Harshen gida daban, na makaranta daban. Mu koma yi masa harshen makaranta a gida?

Ku yi masa magana da harshen da kuka fi ƙwarewa a ciki. Tun a 1953 UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma masanin harkar ilimi Jim Cummins ya yi fice wajen nuna cewa abin da yaro ya koya a harshe ɗaya yana bin sa zuwa na biyu. Wanda ya san yadda labari ke farawa da ƙarewa, ya san ma'anar "saboda" da "sai dai idan", ya kuma gane cewa harafi yana wakiltar sauti, ba zai sake koyon waɗannan daga tushe ba. Sababbin kalmomi kawai zai nema.

Iyayen da suka tilasta wa kansu harshen da ba su iya sosai ba sukan ƙare da gajerun umarni, zo, zauna, yi shiru, sai yaron ya rasa hira mai zurfi a harsunan biyu. Abin da ya fi amfani shi ne ya faɗa muku da harshen gida abin da aka koyar yau. Idan ya iya bayyana shi ya fahimta, idan kuwa sai dai ya maimaita kalmomin malami yadda ya ji su, akwai sauran aiki. Gauraya harsuna biyu a jimla ɗaya ba alamar ruɗewa ba ce.

Lissafi fa? Ya iya ƙirga har ɗari, wannan bai isa ba?

Jera lambobi da baki daban, sanin adadi daban. Ku zube maɓallai bakwai ku ce ya ƙirga, ku lura ko yana taɓa kowanne sau ɗaya, sannan ku tambaye shi nawa ne. Bayan ya ce bakwai ku watsa su su yi nisa da juna ku sake tambaya. Yaron da ya ce yanzu sun ƙaru yana buƙatar ƙarin wasa da abubuwan da zai riƙe a hannu kafin a matsa masa da tarawa da ɗebewa a takarda. Haka nan bambancin 12 da 21 yana fitowa fili idan aka ɗaure tsinkaye goma-goma: ɗauri ɗaya da guda biyu, ko ɗauri biyu da guda ɗaya. Ƙirga da yatsu ba abin hanawa ba ne a wannan mataki, zai bari da kansa idan amsoshin suka zauna masa.

Wasa ma yana da tasiri. A 2008 Geetha Ramani da Robert Siegler sun gano cewa yaran da ba su kai shiga firamare ba, waɗanda suka yi kimanin awa ɗaya gaba ɗaya suna wasan allo mai gidaje a jere daga 1 zuwa 10, suna kiran lambar kowane gida da suka taka, sun ƙara ƙwarewa wajen ƙirga da gane lambar da ta fi girma. Ana iya zana irin wannan allo a kwali cikin minti biyar.

Sai a kiyaye harshe. Wani bincike na Jami'ar Chicago a 2015 ya nuna cewa yaran aji ɗaya da biyu waɗanda iyayensu ke tsoron lissafi sun koyi lissafi kaɗan a shekarar idan iyayen suna yawan taya su aikin gida. Saboda haka kada yaro ya ji kuna cewa lissafi ba na gidanku ba ne, kuma idan darasin yana tayar muku da hankali a ba wani ya zauna da shi.

Aikin gida nawa ne ya dace da yaro ɗan aji ɗaya ko biyu?

Ma'aunin da ya shahara, wanda ƙungiyoyin iyaye da na malamai a Amurka suka amince da shi, shi ne minti goma a kan kowane aji: goma a aji ɗaya, ashirin a aji biyu, talatin a aji uku. Nazarin da Harris Cooper na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa alaƙar yawan aikin gida da sakamako tana da rauni ƙwarai a firamare, sai a sakandare take ƙarfi. Don haka makarantar da ke cika jakar yaro da aiki ba lalle ta fi koyarwa ba, ko da yake iyaye da yawa da wannan suke auna ta. Amfanin aikin gida a wannan shekarun shi ne sabo: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, fensir a fiƙe, talabijin a kashe.

Idan ya kasa aikin, in yi masa?

A'a. Aikin da ya koma makaranta babu kuskure ko ɗaya yana shaida wa malami cewa yaron ya gane, sai a wuce gaba a bar shi a nan. Ku karanta masa umarnin, ku yi misali ɗaya tare da wasu lambobi ko kalmomi daban, ku bar masa sauran. Idan lokacin da aka ambata a amsar da ta gabata ya ninka har yanzu yana fama, ku rufe littafin ku sanar da malami daidai inda ya tsaya. Ku kuma bi hanyar da aka koya masa a aji ko da ta saɓa wa wadda kuka sani, domin hanya biyu a lokaci guda tana rikita mai koyo.

Barci, wasa da wayar hannu suna da alaƙa da karatu?

Suna da ita. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Wanda zai tashi ƙarfe shida na safe ya kamata barci ya ɗauke shi kafin tara na dare. Ƙarancin barci a wajen yara ba kullum yake bayyana da hamma ba, yakan zo da rigima, rashin natsuwa da saurin kuka, har a ɗauka rashin ji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, saboda haka guje-guje bayan an taso daga makaranta ba ɓata lokaci ba ne.

Game da waya da talabijin, abin dubawa shi ne me suka ture. Idan sun cinye lokacin barci, hira ko wasa, sun yi yawa. A ajiye su awa ɗaya kafin kwanciya, kuma kada su kwana a ɗakin yaro.

Fashin makaranta na kwana ɗaya ko biyu a wata yana da illa a ƙaramin aji?

Yana da ita fiye da yadda ake zato. Kwana biyu a kowane wata yana kaiwa kusan kashi goma cikin ɗari na shekarar karatu, wato kwana 18 a shekara mai kwanakin makaranta 180, kuma daga nan ne masana ke ɗaukar fashin a matsayin mai tsanani. Darussan farko a jere suke, kowane harafi yana hawa kan na jiya. Rashin lafiya uzuri ne, amma idan yaro ya riƙa kukan ciwon ciki da safe ya warke da hantsi, a bincika ko akwai wanda ke cin zalinsa ko darasin da yake tsoro.

Yaya ya kamata in yabe shi, kuma yaya zan yi idan sakamakonsa bai yi kyau ba?

Ku yabi abin da ya aikata, ku ambace shi da suna: "Na ga ka koma ka gyara kalmar nan da kanka." A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan aji biyar, suka tarar cewa waɗanda aka yaba wa basira sun fi guje wa aiki mai wuya da saurin karaya bayan sun faɗi, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari.

Idan sakamako ya zo da rauni, matsayin da ya zo a aji ba ya gaya muku abin da ya iya da abin da bai iya ba, takardun jarrabawar ne za su gaya muku. Duka da tsawa suna sa yaro ya koyi ɓoye littafinsa da kwafar na maƙwabcinsa. Kwatanta shi da yayansa ma ba ya haifar da komai sai ƙiyayya, balle ma a aji ɗaya ana iya samun tazarar kusan shekara guda tsakanin babba da ƙarami, wadda a wannan shekarun tazara ce babba.

Me zan tambayi malami idan mun haɗu?

Kada ku jira sai an kira ku. Ku gabatar da kanku tun farkon zango, domin maganar matsala ta fi sauƙi tsakanin mutanen da suka riga suka san juna. Tambayar "yaya ƙoƙarinsa?" amsarta kusan kullum "yana ƙoƙari" ce, don haka ku tambayi abin da ke da amsa takamaimai: waɗanne haruffa ne bai riƙe ba, yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, yana ɗaga hannu a aji, da wa yake wasa, wane abu ɗaya za mu riƙa yi a gida a wannan watan? Ku ma ku sanar da malami abin da ya canja a gida, kamar haihuwa, rashin lafiya ko ƙaura. Idan kuna da ƙorafi ku kai shi ga malamin kai tsaye, ba a gaban yaron ba.

Yana juya haruffa, yana rubuta "b" a wurin "d". Yaushe ya kamata in damu?

Juya haruffa da lambobi abu ne da aka saba gani har zuwa wajen shekara bakwai, kuma shi kaɗai ba alamar wata lalura ba ce. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne yaron da ya kusa gama aji ɗaya bai riƙe sautukan haruffa ba duk da ana maimaita masa, ko ba ya iya jin sautin farko na kalma a wasan da aka bayyana a amsar koyon karatu, ko yana karanta kalma a layin sama ya kasa gane ta a layin ƙasa.

Matakin farko shi ne a duba idonsa da kunnensa a asibiti. Yaron da ke matse ido, yana kusantar da littafi ga fuskarsa, ko yana yawan cewa "na'am?" musamman bayan ya sha ciwon kunne, wataƙila tabarau ko magani kawai yake buƙata, kuma da wuya ya kawo ƙara da kansa tunda bai san yadda sauran ke gani da ji ba. Idan waɗannan lafiya lau ne, kuma ba ya fashi, a nemi makaranta ta auna karatunsa ko ta tura shi wurin ƙwararre. Akwai lalurar wahalar karatu da ake kira disleksiya, wadda takan bi dangi, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma tushenta galibi wahalar rarrabe sautukan kalma ne. Abin da ke taimakawa shi ne koyar da sautuka da haruffa dalla-dalla, kaɗan-kaɗan, da yawan maimaici, kuma wannan ya fi tasiri idan aka fara a aji ɗaya ko biyu. Idan aka ce muku ku jira zai kamo, ku nemi a sa lokaci, misali ƙarshen zango, da abin da za a yi masa kafin lokacin da kuma yadda za a auna ko ya ci gaba.